Katin Raliya da Likitocinsa Biyu

A Talata Mafara, in ana biki aka zo ɓangaren mata, inda ba a yarda namiji ya leƙa da kyamara ba, Raliya ake kira. Ita ke shiga ta ɗauki kamu da walima da kai amarya, ta dawo gida ta zauna gaban kwamfutarta ta tace, ta yanke inda wata ta yi hamma, ta bar inda uwar amarya ta fito da kyau. Sana'ar ta karɓe ta. Abin da bai karɓe ta ba shi ne katin girafik ɗin da ke cikin kwamfutar, wato abin nan mai fanka biyu da ke fitar da hoto a allo, wanda kuma shi ke ɗaukar nauyin haɗa fim in an gama tacewa.

Na hannu ta saya a Gusau. Mai shagon ya rantse mata cewa wani Bature ne ya yi amfani da shi, kuma shi ma Baturen kallonsa kawai yake yi. Watannin farko lafiya lau. Daga baya katin ya tsiro da wani hali. In tana tacewa ba ya cewa uffan, amma da ta danna a haɗa fim, layin nan mai cika a hankali ya kai rabi, sai allo ya yi baƙi, fankokin su ɗauki kuka kamar injin niƙa, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, sannan ta tarye ta da hoton furanni kamar ba abin da ya faru.

Aikin da ke hannunta a lokacin bikin Ummu Hani ne, 'yar Hajiya Lailatu ta Maradun. Ita Hajiya Lailatu ba don kanta take matsawa ba, tunda ta ga bikin, har ta fi kowa ganinsa. Saboda mahaifiyarta ne, Inna Taiba, wadda ciwon ƙafa ya kwantar tun bara. An yi bikin jikarta tana kwance a ɗaki tana jin guɗa ta katanga, kuma tun ranar ba ta da magana sai ta yaushe za a kawo mata bikin a talabijin.

Raliya ta yi iyakar abin da ta sani. Ta cire direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ta sa sabo. Ta buɗe gefen kwamfutar ta kakkaɓe ƙura. Ta bar wutar gari ta koma kan sola. Ta jawo fankar tsaye ta ɗakinta ta kafa wa katin, ita tana zufa shi yana shan iska. Duk da wannan gata, da layin ya kai rabi sai ya mutu.

A haka yayanta Nazifi ya same ta. Yana da rumfa kusa da tasha, inda yake sayar da caja da gilashin waya, yana tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Ya taɓa yin kwas na kwamfuta, kuma tun daga lokacin sallama ba ta shiga kunnensa sosai in ba a haɗa da Injiniya ba. Ya zo gaida ƙanwarsa ne, ya ga kwamfuta a buɗe, sai gaisuwar ta gajarce.

"Mi ya samu wagga?"

Ta faɗa masa. Bai bari ta ƙarasa ba ya durƙusa, ya haska katin da fitilar waya, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Ke, kina da Injiniya cikin gida kina hura ma kati fanka? Bayos ɗinshi na. Fulashin za a yi mishi."

"Yaya, fulashin ba waya aka yi ma shi ba?"

Ya yi mata bayani, kuma a gaskiya bayanin ya yi daɗin ji. Ya ce kowane kati akwai wani ɗan karatu da aka cusa masa tun daga kamfani, shi ake kira bayos, shi ke gaya masa gudun da zai yi da wutar da zai sha. Fulashin kuwa shi ne a goge wannan karatun a rubuta masa wani. Ya ce katinta da babban yayansa, wanda ya fi shi tsada, abu ɗaya ne, kamfani ne kawai ya ɗaure wa ƙaramin ƙafa. In aka zuba masa bayos ɗin babban, ba daina mutuwa kaɗai zai yi ba, fim ɗin da take jira ta gama girki kafin ya haɗu, kafin ta ɗora tukunya ya gama.

"Ka taɓa yi?"

"Na ga an yi."

"Ina?"

"Raliya, ilimi ba ya da ina."

Da a ce Hajiya Lailatu ba ta kira ta da safen nan ba, da ta ce masa a'a. Amma ta kira, kuma ta sa Inna Taiba a wayar, tsohuwar ta ce ita dai tana roƙon Allah ta ga bikin nan kafin a kai ta. Sai Raliya ta tashi daga kujerar ta ba yayanta. Abu ɗaya ta roƙa, ya adana tsohon bayos ɗin kafin ya goge. Ya ce wannan ai ko ɗan koyo ya sani. Ya adana shi a cikin kwamfutar, wuri mai kyau, inda duk wanda ya kunna ta ya ga allo zai gan shi.

Ya sauko da bayos ɗin babban kati daga wani shafi, ya buɗe wata baƙar taga, ya rubuta abin da ya kwafo. Kwamfutar ta amsa masa da cewa wannan bayos ba na wannan katin ba ne, ta ƙi.

"Yaya, ta ce ba nashi ba ne."

"Haka suka cewa don su tsorata talaka."

Ya ƙara wani harafi wanda aikinsa shi ne gaya wa kwamfuta ta rufe bakinta ta yi abin da aka sa ta. Ta yi. Ta rubuta cewa an gama lafiya, a kashe a kunna. Nazifi ya miƙe ya gyara hula, ya ce wa Raliya ita ta danna da hannunta don ta samu abin ba 'ya'yanta labari.

Ta danna. Fankoki suka juya, ƙaramar fitila ta kama. Allon kuwa ya tsaya baƙi ƙirin.

"Shina tunani na," in ji Nazifi. "Sabon karatu ba ya zama nan take."

Suka jira shi ya yi tunani har aka kira azahar. Da Nazifi ya dawo daga masallaci ya ce allon ne ya lalace, aka aro talabijin ɗin maƙwabta, shi ma baƙi. Ya cire ɗan batirin cikin kwamfutar ya mayar. Ya zare sandunan memorin kwamfutar ya goge bakinsu da abin goge fensir. Ya ce wayar hoton ce ta China. Da Raliya ta ce to ya mayar da tsohon bayos ɗin mana, sai ya tuna inda ya adana shi, ya kuma tuna cewa kwamfutarta ba ta da wata hanyar fitar da hoto in ba ta wannan katin ba. Bai karaya ba. Ya ce ƙwararru suna yi ko ba allo. Ya zauna gaban baƙin gilashi, wanda ba abin da yake nunawa sai fuskarsa, ya yi ta buga haruffa da ka yana danna shiga. Har yau ba wanda ya san abin da ya rubuta, ko wa ya rubuta wa.

Ayuba, mijin Raliya, ya dawo daga gonar shinkafarsa ta Bakolori da laka har gwiwa, ya tsaya bakin ƙofa ya ji labari. Mutum ne marar yawan magana.

"To ai Injiniya ya yi maganin abin," ya ce. "Da can tsakiyar aiki shika mutuwa. Yanzu ba ya farawa balle shi mutu."

Raliya ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi kukan da take riƙewa tun azahar, ba don katin ba, don tsohuwar da ke jira da kuma sunanta da mata za su fara yawo da shi a gidajen biki. Da ta fito idonta ja, Nazifi ya sauke murya. Ya ce akwai wani a Bakura mai kwamfutar da ke ɗaukar kati biyu, in aka sa mataccen kusa da mai rai ana iya rubuta masa karatu. Ya faɗi sunan kamar mai haɗiye maɗaci: Ishaq.

Shi da Nazifi ajinsu ɗaya a sakandare. Ishaq ya wuce jami'a ya karanto kwamfuta, ya dawo Bakura ya buɗe shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarabawa, ya rataye shaidar digirinsa daidai inda duk mai shigowa zai yi karo da ita. Shi yana kiran Nazifi mai caja, Nazifi yana kiransa mai fotokwafi, kuma duk sallah sai sun ziyarci juna don kowa ya tabbatar ɗayan bai ci gaba ba.

Washegari da safe Raliya ta naɗe katin a tsohon zani, ta haɗa da ma'ajiyar kwamfutar inda tsohon bayos yake, suka shiga motar Bakura ita da yayanta. Ishaq ya tarye su da fara'ar wanda aka kawo wa kyautar da ya daɗe yana jira. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa da mutanen Mafara, aka koma aka sake tambayar gajiya. Ya sa aka kawo wa Raliya kujera da ruwan sanyi. Sannan ya ce a ba shi labari tun daga farko, a hankali, kada a tsallake komai. Da aka zo wurin harafin da ke rufe wa kwamfuta baki, ya ce a maimaita masa.

"Ta ce maka ba nashi ba ne?"

"Ta ce."

"Kai kuma kac ce mata ƙarya takai."

"Ishaq, aiki munka kawo, ba wa'azi munka zo ji ba."

"Duka za ku samu, kuma wa'azin kyauta na."

Ya buɗe kwamfutarsa ya soka katin Raliya a ƙarƙashin nasa, ya jona ma'ajiyarta, ya kunna. Hoto ya fito ta katinsa. Ya buɗe irin baƙar tagar nan, ya nuna musu kati biyu a jere, kowanne da lambarsa: nasa sifili, nata ɗaya. Ya nemo tsohon bayos ɗin da Nazifi ya adana. Sannan ya juyo da kujerarsa rabi, hannunsa a kan maɓallai, fuskarsa a wajen Nazifi, don darasi ba ya shiga in ba a kalli ɗalibi ba.

"Ka ga bambancin wanda yay yi karatu da wanda yay yi kwas? Natsuwa. Mu kafin mu taɓa komi sai mun duba, mu sake dubawa. Kai kuwa hannunka ya riga kanka."

Yana magana yana bugawa. Kwamfutar ta yi masa gargaɗin cewa bayos ɗin bai dace da katin ba. Ya ce wannan dole ne, tunda Nazifi ya riga ya rikita wa katin suna, ya ƙara harafin nan shi ma, amma shi da ilimi.

Raliya ta ɗan matso. "Malam Ishaq, ni kamar na ga..."

"Bari shi yi aikinshi," in ji Nazifi.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji Ishaq.

Tun da suka bar sakandare ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai ranar. Ta koma ta zauna. Aka gama, aka kashe, aka kunna. Fankoki huɗu suka juya tare, gwanin sha'awa. Allon Ishaq ya yi baƙi ƙirin.

A waje ana jin mai rake yana ciniki.

"Mi kika so ki ce ɗazu?" Ishaq ya tambaya ba tare da ya juyo ba.

"Kamar sifili ka rubuta."

Nazifi ya nemi benci ya zauna a hankali. Bai yi dariya nan take ba, ya tsaya ya ji daɗin abin tukuna, kamar mai tsotsar ɓargo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi shaidar digirin da ke bango.

"Natsuwa," ya ce. "Allah ya ba mu natsuwa irin ta masu karatu."

Yanzu matattun kati sun zama biyu, likitoci biyu, sai mai kaya da ke riƙe da zanin da ta naɗo nata a ciki. Ta ce musu in sun gama gaisawa da juna, akwai wata tsohuwa a Maradun da ke jira, kuma ita tsohuwar ba ta san sifili ba balle ɗaya.

Allah ya taimaka kwamfutar Ishaq tana da wata ƙofar hoto a jikinta, wadda ya saba gaya wa mutane ba ta da amfani sai ga masu buga wasiƙa. Ya mayar da wayar allon can, ya cire katunan ya mayar, ya yi 'yan dabaru, hoto ya fito. Sai aka zo neman ainihin bayos ɗin katinsa don a mayar masa. Nazifi ya tambaya cikin ladabi ina ya adana shi, tunda ko ɗan koyo ya san ana adanawa. Ishaq ya ce shi bai yi niyyar taɓa nasa ba, don me zai adana? Dole sai an sauko da shi daga intanet, sabis kuma ranar ya yi yaji. Haka mai digiri ya hau benci a ƙofar shagonsa ya ɗaga waya sama, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, Nazifi yana riƙe masa bencin da zuciya ɗaya.

Da ya samu ya farfaɗo da nasa, ya juyo kan na Raliya a sanyaye. Wannan karon bai kalli kowa ba. Kafin ya rubuta tsohon bayos ɗin nata, ya buɗe shi a wata manhaja ya duba cikinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, wa kika ce ya yi amfani da katin ga?"

"Wani Bature, wai kallonshi kawai shikai."

"To ya kalle shi ƙwarai. Wanga ba bayos ɗin kamfani ba ne. An taɓa shi. Masu mainin, wato haƙar kuɗin intanet da kwamfuta, ka yin haka, su matsa ma memorin kati shi yi gudun da ya fi ƙarfinshi, su bar shi kunne dare da rana har shi gaji, sannan su wanke shi su sayar."

Wato abin da Raliya ta roƙa a adana mata kamar gadon uwa, shi kansa gurɓatacce ne. Ta juya ta ga fuskar yayanta tana buɗewa kamar furen kabewa.

"Mi nac ce? Raliya, mi nac ce tun farko? Ban ce bayos na ba?"

Ya faɗa kuwa. Wannan shi ne abin da ya fi komai ciwo a tafiyar, don Nazifi in ya yi kuskure ana iya zama da shi, amma in ya yi daidai sai dai a bar masa garin.

Suka juya katin, Raliya ta karanto lambar da ke manne a bayansa, Ishaq ya sake hawa benci ya nemo bayos ɗin kamfani mai wannan lambar daidai. Ya rubuta ɗaya, ya sa Raliya ta duba, ya sa Nazifi ya duba, ya yi bisimilla ya danna. Kwamfutar ba ta yi gardama ba. Da aka mayar da wayar allo jikin katin Raliya aka kunna, hoto ya fito tas. Ishaq ya sa masa wata manhajar gwaji mai nuna wani zobe mai gashi yana juyawa, ya ce in kati na da ciwo wannan zoben zai tona shi. Zoben ya yi ta juyawa har suka ci abinci suka yi sallah, kati bai mutu ba, sai dai zafin da ya ɗauka ya sa Ishaq ya miƙa mata wani ɗan bututun man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar kati don rage zafi, ya ce in ta samu hali a canza na cikin. A hanyar komawa Nazifi ya ba duk motar labarin yadda ya gano ciwon da mai digiri ya kasa ganowa.

Da safe Raliya ta mayar da komai, ta danna a haɗa fim, ta zauna ta harɗe hannu. Layin ya kai rabi ya wuce. Ta miƙe tsaye. Ya ci gaba, ya kusa ƙarshe, har ta fara neman lambar Hajiya Lailatu. Sai allo ya yi baƙi, fankoki suka ɗauki kuka, furanni suka fito.

Ta kira Ishaq. Ya ce to ba kati ba ne, akwatin wutar kwamfutarta ne ya yi ƙarami, tunda a shagonsa bai mutu ba. Ya ce kuma ta riƙa canza abu ɗaya ɗaya tana gwadawa, haka masu ilimi ke yi, don a san mai laifi. Ba ta kira Nazifi ba, shi ya kira, ya ce ya samo wani bayos ɗin da ya fi na jiya, yana nan tafe da la'asar. Ta ce masa ba ta gida. Ya ce ai kwamfutar tana gida. Ta ce ita ma ta fita.

Ba ta da lokacin neman mai laifi. Ta kwance fankokin katin, ta tarar man da ke kan ƙwaƙwalwarsa ya bushe ya farfashe kamar tsohon lalle, ta goge ta shafa sabo. Ta canza wayar da ke kai masa wuta da wata da ta gani naɗe a cikin akwatin. Ta buɗe manhajar katin ta ja wutar da yake sha baya, ta ja gudun memorin baya, ta rage masa duk wani abin da za a iya ragewa, har ya koma ƙasa da yadda kamfani ya yi shi. Duka ta yi a zama ɗaya. Sannan ta danna, ta fita daga ɗakin don kada ta gani.

Ta yi wanki. Ta ɗora sanwa ta sauke. Ta leƙa, layin yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Ta yi wa 'yarta kitso. Ayuba ya dawo ya ci abinci ya tambaya ko an yi rasuwa a ɗakin ne ake shiga da sanɗa. Gab da magariba ta leƙa ta ga an rubuta an gama. Ta kunna fim ɗin ta kalla daga farko har ƙarshe, ba inda ya yanke. Ko man ne, ko wayar ce, ko ragin, ko bayos ɗin Bakura, ba ta sani ba, kuma ba ta gaya wa ko ɗaya daga cikin likitocin ba, don ta san kowannensu zai karɓi gaisuwa.

Ayuba ne ya raka ta Maradun. Suka fita da wuri, don hanyar ba wadda ake so la'asar ta yi wa mutum a kanta ba ce. Hajiya Lailatu ta tarye ta a tsakar gida, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara da maigida da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"Ai mun ɗauka sai an yi suna za ki haɗo muna duka."

Aka ɗauko talabijin aka kai ɗakin Inna Taiba, aka tayar da ita aka jingina ta da matasai. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ido tar. Raliya ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ta mai hoton? Mi ya tsai da ke?"

"Inna, na'urar ce ba ta da lafiya."

"An kai ta asibiti?"

"An kai ta wurin mutum biyu."

"Shi ya sa," in ji tsohuwar. "Ni ma ƙafag ga mutum biyu sunka duba ta."

Aka kunna. Matan gidan suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Inna Taiba ta kafa wa allon ido, ba wanda ya wuce ba ta yi masa shari'a ba. Ta tambayi wa ya ɗaura wa Lailatu wannan ɗankwalin kamar za ta tashi sama. Ta ga wata 'yar ƙanenta daga Damaga tana zuba nama a leda, ta ce a mayar baya, aka mayar, ta ce a sake mayarwa don kowa ya shaida. Ta ce mai guɗar ba ta ci abinci ba. Ta ce dangin ango sun zo da yawa kamar an ce musu rabon taki ake.

Sai aka nuno Ummu Hani zaune an lulluɓe ta, wata ta ɗaga mayafin, amaryar ta ɗago ido ta dubi kyamara tana murmushi da hawaye tare. Tsohuwar ta ɗaga hannu, Raliya ta tsayar da hoton a nan. Inna Taiba ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi da addu'a, ta goge ido da bakin zaninta.

"An cika mata hoda," ta ce daga baya. "Amma ta yi kyau. Ci gaba."

Da fim ɗin ya ƙare ta ce a sake daga farko, don surutun mutane ya hana ta ji. Ayuba ya aiko daga zaure cewa rana tana yi. Raliya ta nuna wa Hajiya Lailatu inda ake dannawa a tsayar da inda ake mayarwa baya, ta yi wa tsohuwar sallama. Inna Taiba ba ta ɗauke ido daga allon ba, ta dai miƙo hannu ta kama nata ta riƙe kaɗan, ta ce akwai wata jikar tata da za a aurar bayan kaka, kuma wannan karon a ɗauko ta ko a kan katifa ne a ajiye ta tsakiyar fili, ta gani da idonta, don ta lura akwai abubuwan da mai hoto ta yanke.